Gaisuwar Hannun Dama

Takarda ta sittin da uku baƙa ce kusan duka. Romoke ta ɗaga ta sama ta jujjuya, tana zaton tawada ce ta zube wa injin. Dokta Folarin, likitan idon da suke aikin tare, ya karɓa ya duba, ya ce babu ruwan tawada.

"Idon dama ya tafi. Na hagun ma ɗan tsakiyar nan ne ya rage, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe. Kafin ya kai haka sai ya ci shekara shida ko bakwai."

"Kuma mutumin nan yana tuƙi?"

"Ke kika tara su. Duk wanda ya zauna gaban injin nan direba ne."

Ran Romoke ya ɓaci. Shekara uku ke nan tana neman digirin dokta a jami'a, kuma abin da take bincike a kai ke nan: tsofaffin direbobin tasi na Ibadan, yadda ido yake komawa bayan shekara sittin, da abin da hakan ke jawowa a kan titi. Ta tara tsofaffi ɗari da ashirin daga tasha huɗu. Kowanne ya karanta allon haruffa, sannan ya ɗora haɓarsa a jikin wani inji, ya kafe ido a tsakiya, ya danna maɓalli duk sanda ɗigon haske ya ƙyafta a gefe. Duk inda mutum bai gani ba, sai takarda ta fito da baƙi a wurin. Ta ga masu duhu-duhu da yawa, amma ba ta taɓa ganin irin wannan ba.

Ta ce, "Wannan ai rai zai ɗauka. Ba shi da 'ya'ya ne da za su zaunar da shi a gida?"

Ba a rubuta suna a takardun, lamba kawai ake sawa, haka ƙa'idar jami'a ta ce. Amma wanda aka ga ciwonsa ya yi tsanani, dole a neme shi a gaya masa. Dokta Folarin ya buɗe durowa ya ɗauko littafin sunaye, ya bi layi da yatsa. Da ya iso sittin da uku sai ya cire tabarau ya shiga gogewa, gogewar da ta ƙi ƙarewa. Romoke ta jawo littafin da kanta.

Tiamiyu Adigun, shekara saba'in da ɗaya, tashar Ojoo. Yana da 'ya kuwa, guda ɗaya tak, ita ce riƙe da littafin.

Ta san mahaifinta ya shiga gwajin. Shi ne ma ya ja mata sauran, don direbobi ba sa son mai takarda da biro, suna ganinsa su ga ɗan leƙen asirin jami'an hanya. Ranar da ta fara zuwa tashar, Ciyaman Salawu na ƙungiyar direbobi ya zaunar da ita a benci ya ƙare mata kallo.

"'Yar Tiamiyu, mun ɗauke ki kina fitsari a cinyarmu, yau kin zo auna mana ido. To, mun ji. Amma ki faɗa a gaban mutanen nan: abin da injinki ya gani, wa zai ji?"

"Mai idon kaɗai, Baba. Ba hukuma, ba ƙungiya."

"Ko ni?"

"Ko ku."

"Babu wanda zai rasa makullin motarsa ta dalilinki?"

Ta durƙusa har ƙasa ta yi alkawari, tsofaffi fiye da talatin suna ji. Mahaifinta ya miƙe yana gyara hula, ya ce a kawo allon su gani, shi da yake karanta lambar mota tun daga Sango tana Mokola. Tashar ta ɗauki shewa. Ya kuwa karanta allon har layin ƙasa, ƙananan haruffan da Ciyaman ya rantse tururuwa ce ta bi ta wurin. Shi ya sa ko sau ɗaya zuciyarta ba ta kawo mata shi ba. Allon haruffa gaba kawai yake tambaya, kuma gaba Baba Tiamiyu yana gani tar.

Ta ɗauko takardar tambayoyinsa ta karanta. Shekara arba'in da tara a kan sitiyari. Haɗari a shekaru biyar da suka wuce: babu, sai a watanni takwas ɗin nan. Ya gogi baro a Sango, ya karya madubi a jikin wata bas, ya ture tiren mai lemu. Duka ukun ta hannun dama. Abin ya ɗaure mata kai. In ido ya shekara shida da mutuwa, ina haɗarin shekara biyar da 'yan kai na farko? Ta juya lissafin ta kowace fuska, irin yadda aka koya mata, ya ƙi zama. Wata takwas dai ta san abin da ya faru a cikinsu, don wata takwas ke nan da binne mahaifiyarta. Sai ta rubuta a gefen takardar da fensir: baƙin ciki, rashin natsuwa. Masu ilimi ba sa son barin gurbi babu amsa, ko da amsar ta aro ce.

Da la'asar ta sami mahaifinta a gida, a tsakar gidan haya na Agbowo, yana wanke ƙaramar tasinsa da tsumma. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye masa kwanon amala da miyar wake da ta saya a hanya. Ta jira ya ci ya wanke hannu, sannan ta shimfiɗa takardar a kan cinyarsa.

"Baami, sakamakonku ya fito."

Ya dubi takardar, sai da ya ɗan karkata kai kafin ya same ta. Yau ne ta fara lura da karkatar nan.

"Wa ya ƙona ta?"

"Ba ƙuna ba ce. Baƙin nan duk inda ba ku gani ne."

"Injin Bature ya ce ba na gani." Ya miƙa hannu ya ɗauki gwangwanin madara da ke kan taga, ya karanta mata ƙananan rubutun bayansa tsaf, har da ranar lalacewa. "To, Farfesa, ke karanta mini daga nan in gani."

"Baami, ba gaba ake magana ba, gefe ne. Yaro zai iya fitowa ta damanku..."

"Da sitiyarin nan na kai ki inda kika koyo wannan Turancin. Kin yi alkawari a gaban mutane ko ba ki yi ba?"

"Na yi."

"To, mai ido ya ji. Magana ta ƙare."

Ya ninke takardar huɗu ya mayar mata, ya koma ga tsummansa. Ta tsaya tana kallon bayansa, tsoro da haushi suna cin ta lokaci guda. Ta san abin da ya rage masa a duniya bai wuce motar nan da benci na tasha ba. Tun rasuwar matarsa ko rediyo ba ya kunnawa a ɗaki. In ta karɓe makullin, ta karɓe masa dalilin tashi da safe. In ta bar shi, wata uwa ce za ta yi kuka, kuma Romoke za ta san da hannunta a ciki.

Ranar Asabar da safe ta tafi tashar Ojoo da niyyar karya alkawari. Ta iske Ciyaman Salawu yana cin dafaffiyar masara, ta durƙusa, ta buɗe baki. Tsofaffin da suka ba ta idanunsu suna zazzaune a benci, wani yana ce mata sannu da karatu, wani yana tambaya ko injin ya ce zai ƙara aure. Sai ta fasa. Ta ce ta zo ne kawai ta raka Baami zuwa Dugbe.

Ciyaman ya ce, "Madalla. Shiga gaba, kujerar uwarki ce. Tun da ta tafi Tiamiyu ya hana kowa zama nan, ya mai da ita masallaci."

Kujerar nan tana da tarihi a tashar. Shekara shida da suka wuce, mahaifiyarta Iya Romoke, wadda sunanta na yanka Wosilatu, ta tashi rana ɗaya ta bar wa ƙanwarta rumfar barkononta a kasuwar Bodija, ta shige gaban motar mijinta, ba ta sake fita ba. Tun safe har la'asar tana nan, Ojoo zuwa Dugbe, Dugbe zuwa Ojoo. Direbobi suka sa mata suna Kwandasta. Suka ce gadi take yi kada 'yan matan jami'a su sace mata tsoho mai haƙori tara. Ta ce eh, gadin take yi, wanda matarsa ba ta gadinsa ya je ya tambayi kansa dalili. Romoke kanta ta sha yi mata faɗa, ta ce zaman mota zai kumbura mata ƙafa, kuma abin kunya ne. Uwar ta ce ita dai iska take sha.

Baba Tiamiyu bai hana ba da ya ga 'yarsa ta buɗe ƙofar gaba. Fasinja huɗu suka matsu a baya, cikinsu har da wata tsohuwa mai kwandon busasshen kifi a cinya. Ya yi bisimilla ya tayar da mota.

Romoke ta shekara uku tana kallon tuƙin tsofaffi, amma ba ta taɓa kallon na mahaifinta da idon aiki ba. Ya manne wa hannun hagu. Kansa ba ya tsayawa, yana kai shi dama yana dawowa kamar fanka. Kafin su kai ƙofar jami'a gumi ya jiƙa masa wuyan riga, alhali rana ba ta yi zafi ba. Motar shiru, sai ƙarar inji.

Tsohuwar mai kifi ce ta gaji da shirun. "Kai, motar nan ta mutu. Da Iya na nan da yanzu ta gaida rabin Ibadan. Ke ce 'yar tata? Allah ya jiƙan uwarki. Mace mai gaisuwa. Sannu mai babur, sannu da sauri. Sannu 'yan makaranta, sannu da tsallaka titi. Sannu mai baro. Har akuya na ji ta gaisar, wallahi."

Wani fasinja ya yi dariya ya ce shi ma ya taɓa ji.

Romoke ta yi murmushin dole. A garin da ake gaida mutum da zama, a gaishe shi da tsayuwa, a gaishe shi da kallon hanya, wa zai tsaya mamakin mace mai yawan gaisuwa? Ita dai ta san kunya ta sha kama ta, uwarta da kai a taga tana gaida mutanen da ba su san tana yi ba.

Mai kifi ta ci gaba. "Amma tana da son kai, Allah ya gafarta mata. Ɓangarenta kawai take gaisarwa. Rannan ina tsaye ta hagu a Sango ina ɗaga mata hannu, ko kallo ban ishe ta ba. Na ce Iya, gaisuwar taki ta 'yan dama ce kaɗai? Ta ce na hagu rabon maigida ne."

Romoke ta daina murmushi. Ta juya ta dubi mahaifinta. Idonsa na kan titi, amma hannayensa sun damƙe sitiyari har jijiyoyi sun fito.

Suna gangarowa shataletalen Mokola, inda kowa ke ganin shi ne mai hanya, wani mai babur ya kunno kai ta dama, ya ɗauko mace da jariri a goye, yana neman kutsawa ta gabansu. Kan Baba Tiamiyu yana hagu a lokacin, yana lura da wata bas. Motar ba ta rage gudu ba. Romoke ba ta yi shawara da kanta ba, bakinta ne ya riga ta.

"Sannu mai babur, sannu da sauri!"

Ƙafarsa ta sauka a kan birki kafin ta rufe baki. Bai juya ba, bai nemi inda babur ɗin yake ba. Motar ta lafa a hankali, daidai gwargwado, babur ya wuce ta gabansu da tazarar tafin hannu, zanen matar ya shafi fitila. Fasinjojin baya ba su ma san an yi wani abu ba.

Mai kifi ta tafa hannu. "Ka ji jini. Muryar ma iri ɗaya."

Daga Mokola zuwa Dugbe Romoke ta gaida mutum goma sha ɗaya. Ta gaida mai baro da turi, ta gaida 'yan makarantar allo da tsayuwa, ta gaida wata mai gasa ayaba da ta cinye rabin titi. Kowace gaisuwa, sai ta ji motar ta amsa: a nan ta rage, a can ta kauce, a wani wurin ta yi ƙaho sau ɗaya. Sannu da tsayuwa na nufin mutum ba ya motsi. Sannu da sauri na nufin taka birki. Babu wanda ya koya mata, ta tarar duk tana da shi a kunne tun shekara shida. Hawaye na zuba tana gaisuwa, ta bar su suna zuba, don ba ta da damar ɗauke ido daga gefen titi.

A Dugbe fasinjoji suka sauka. Bai shiga layin masu lodi ba, ya wuce gaba ya tsaya a gindin wata bishiya, ya kashe mota.

Ya ce, "Kin makara a kan mai baron nan. Uwarki tun yana nesa take gaishe shi."

"Tun yaushe ta sani, Baami?"

"Ta riga ni sani. Rannan ta miƙo mini ruwa ta dama, na bar ta tsaye da kofi. Ta sake gwadawa washegari. Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban ce mata ba. Ranar Litinin na fito na tarar da ita a nan da gyalenta." Ya shafa sitiyari. "Lokacin kina shekarar ƙarshe a digirin farko. Ta ce bari yarinya ta gama. Kika gama, kika ce akwai na biyu. Ta ce bari ta gama na biyun."

Romoke ta rufe fuska da gyale. Duk takardun da take taƙama da su, ashe a bakin tagar nan aka biya su, da muryar matar da ta yi wa faɗa a kan abin kunya. Ta tuna abin da ta rubuta da fensir a gefen takardarsa, ta ji kunyar kanta ta rufe ta.

Ta ce, "Zan zauna muku. Zan roƙi hutu a jami'a. Na iya, kun gani, zan ƙara koyo."

Ta san ba daidai ba ne tun kafin ta gama faɗa. Ita da ta rubuta babi guda a kan irin wannan ido, ta san gaisuwa ba ta mayar da gani. Amma a lokacin ba mai bincike ba ce ke magana.

Ya girgiza kai. "Kin san yadda uwarki ta rasu?"

"Kun ce a asibiti."

"A asibiti aka rubuta. A nan ta rasu." Ya nuna kujerar da take kai, ba tare da ya kalle ta ba. "Mun taso daga Sango tana gaisuwa lafiya lau. Muna isa Mokola sai na ji shiru. Na ce Wosila, barci kike yi a Mokola? Shiru. Na ce in kin gaji da aikin ki faɗa, kada ki kashe mu. Faɗa na yi mata, Romoke. Na yi mata faɗa tun daga shataletale har gindin gada. Sai da wani fasinja ya kama kafaɗata ya ce Baba tsaya, Mama ta faɗi. Tana jingine da ƙofa, hannunta a ƙirji. Kamu ɗaya tsakanina da ita. Mutum huɗu a baya sun gani, mai sayar da ruwa a titi ya gani, ni ban gani ba."

Muryarsa ba ta yi rawa ba, sai dai ta ƙanƙance. Baƙin cikin da Romoke ta ɗauka ta gama sha wata takwas da suka wuce ya dawo mata sabo.

"Tun ranar na san ya kamata in ajiye. Amma in na zauna a ɗaki, shirun nan na Mokola nake ji. A titi ko ba komai akwai ƙaho." Ya numfasa. "Jaririn nan na kan babur, namiji ne ko mace?"

"Ban lura ba, Baami."

"Ni ban ma san da jariri ba sai da zanen ya wuce ta gabana."

Ya zare makullin daga jikin mota. Ya juya shi a tafin hannunsa, tsohon makulli da ya sha hannu har ya yi santsi, ɗaure da igiyar fata. Ya miƙa shi dama, saitin da yake zaton hannunta yake, ya saki. Makullin ya faɗi tsakanin kujeru. Ta sunkuya ta ɗauka, ba ta bari ya san bai same ta ba.

"Ba ke kika karɓa ba, ni na bayar. Ki gaya wa Salawu haka, kada ya ce 'yata ta ci alkawari. In ya tambayi dalili ki ce gwiwa ce."

"To, Baami."

"Kin iya giyar motar nan? Ta biyu tana gardama, sai kin lallashe ta."

Suka fito suka yi musanya. Ya zagaya ta gaban motar yana dafa ta da hannu, ya buɗe ƙofar da bai taɓa shiga ta cikinta ba, ya zauna. Kujerar ta lotsa ta gefe guda, wajen taga, inda mai ita ta shekara shida tana jingina. Ya gyara zama ya sake gyarawa, jikinsa ya ƙi dacewa da lotsawar. Romoke ta tayar da mota, ta sa hannu a giya, tana jira ya ce a tafi.

Ya ce, "Shekara shida tana gaida mutanen da ko waiwayowa ba sa yi. Mai baro ya samu, akuya ta samu. Ni kuwa kullum ina gefenta, ban taɓa gaishe ta da aikin ba, don in na gaishe ta na yarda ke nan aiki take yi."

Ya ɗora tafin hannunsa a bakin tagar, inda fenti ya goge saboda gwiwar hannunta. Ya juya fuskarsa dama gaba ɗaya, har wuyansa ya ƙage, ya kawo wurin cikin ɗan abin da ya rage masa na gani.

Ya ce, "Wosila, sannu da zama."